Ni da Firinta da Kumatun Mahaifin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikan Alhaji Ummaru ba, kuma ko na so in manta mutanen Agege ba za su bar ni ba. Har gobe idan na ratsa ta layin 'yan goro sai wani dattijo ya dafe kumatunsa da hannu bibbiyu ya ce, "Jama'a, kowa ya ɓoye fuskarsa, ga shi nan tafe!" A kwashe da dariya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, don haka sai in yi yaƙe in ƙara sauri.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Sana'ata ɗaukar hoto. A Agege aka haife ni, a nan na yi wayo, Yarbanci a bakina ba a magana, Arewa kuwa sai in an yi rasuwa a dangi a tasa ƙeyata mu je gaisuwa. Ina da ɗan shago kusa da layin dogo, da ɗakin duhu a bayansa inda nake wanke hoto da ruwan maganin nan mai wari. Ina cin abincina lafiya lau, babu wanda ya tsare ni da komai. To a shekarun nan da soja suka koma bariki, gari ya cika da fastocin 'yan siyasa, kowane lungu ka leƙa an buɗe shagon kwamfuta, sai zuciya ta raɗa min cewa ɗakin duhu ya zama kayan tsofaffi. Na hau danfo, motar hayar nan mai rawayan fenti, na tafi Ikeja, na dawo da kwamfuta da sikana da firinta mai feshin tawada, dukkansu tokunbo (wato kayan da Bature ya mora ya gaji, ya turo mana mu ƙarasa). Mai shagon har da dukan ƙirji: "Oga, hoton da injin nan zai fito maka da shi, sai ka gaishe shi ya amsa."

A hoto mai kala bai yi ƙarya sosai ba. Amma ka ce wa firintar nan ta buga maka baƙi da fari, a nan za ka san ka sayo wa kanka hawan jini da kuɗinka. Ashe ita ba ta san wani abu wai shi ruwan toka ba, sai ta gauraya ja da shuɗi da rawaya ta ce maka ga shi nan. Yau mutum ya fito kore-kore kamar an tsoma shi a miyar kuka, gobe ya fito ja-ja. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar masifar ita ce layi. Wasu siraran layuka take jerawa a kwance, daga wannan gefen takarda zuwa wancan, ka ga fuskar mutum kamar kana leƙensa ta asabari. Na tsani layukan nan, tsana ta har ga Allah.

Ana cikin haka kuma ga maganar Rabi. Rabi 'yar Alhaji Ummaru ce, babban dillalin goro a unguwarmu, kuma ita nake nema. Manyana sun je, Alhaji ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Shawarar nan ta yi ta jan ƙafa. Labari ya zo min ta bayan gida cewa ba abin da ke damunsa sai sana'ata, wai yana tantamar ko mutumin da aikinsa shi ne ce wa jama'a "a ɗan yi murmushi" zai iya riƙe gida. Sai na zauna ina kaffa-kaffa, ina jiran ranar da zan nuna masa ni ma ba kanwar lasa ba ne.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da Alhaji, wanda ni ma na sani sarai, kuma sanin nan shi ya sa wautata ba ta da uzuri. Alhaji Bagobiri ne, yana ji da Gobirancinsa kamar me. Amma a Ikko aka haife shi, lokacin sunansa babu wanzamin da mahaifinsa ya yarda da hannunsa, aka ce a bari sai an je gida, ba a je ba har tsohon ya rasu. Sai Alhaji ya tashi fuska sumul, babu zane ko ɗaya. Yana kuma da amini, Baba Lasisi, wani tsohon Bayarabe mai sayar da katako wanda ya girme shi nesa ba kusa ba. Kun dai san tsakanin Bagobiri da Bayarabe, wasa ne har kabari. Kullum da la'asar Baba Lasisi zai zo rumfar goro, ya ɗauki goro ba izini, ya ɓare, ya ce da Hausarsa tas, "Ummaru, wai kai Bagobirin ina ne? Ina askar? Bagobiri ba zane ai danfo ne ba fenti, kowa ma ya ce nasa ne. Kai dai bawana ne da ya ɓata." Alhaji ya hau faɗa, mutane su yi ta dariya. Tun ina yawo ba wando nake jin wannan wasa.

Wata rana Alhaji ya aiko a kira ni. Na ce ko shawara ce ta nuna. Na zura rigata ta sallah, na je na tsuguna can nesa da shi, idona a ƙasa yadda ake yi wa suruki. Ya miƙo min wani ƙullin tsumma. A ciki akwai hoto ɗan mitsitsi, bai wuce akwatin ashana ba, ya yi ja don tsufa, gefe ya gutsure, ga alamar ninki ta ratsa ta kan hula.

"Mahaifina ne," in ji shi. "Shi ke nan hotonsa a duniya. Yayata ce ta taho da shi daga gida. Matar ɗana Sani ta kusa sauka, in Allah ya kawo namiji zai ci sunansa. Ina so ka girmama min shi, babba, a sa a gilashi, ka kawo ranar suna. A ga fuskar sosai. Ka ji ko? Fuskar."

"To, Baba. In sha Allahu, Baba."

Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Da wani ne ya kawo min aikin, da na tsare shi da tambaya: me ake so a gyara, me ake so a bari? Amma wa ke yi wa suruki tambaya, surukin ma da bai gama zama suruki ba? Na ƙulle tsumma na ja da baya ina godiya, kamar ni aka yi wa kyauta.

Na koma shago ina jin yau ranata ta zo. Na ɗora hoton a sikana ya hau kwamfuta, na ba firinta umarni. Ta yi gurnani, ta yi tari, ta turo min dattijo kore shar, da layuka tun daga hula har gemu. Na ce a'uzubillahi, yau ko ni ko ke.

Na shiga aikin saiti gadan-gadan. Da farko akwai gwajin kan da ke fesa tawadar. Sai ta buga maka wasu 'yan zane-zane irin matakala, in ka ga giɓi to wata kafa ta toshe. Nawa giɓin ya fi haƙoran yawa. Sai ka ce mata ta wanke kanta. Ta wanke, ta shanye rabin tawadarka, ka sake gwadawa, giɓin da ke hagu ya tashi ya koma dama. Na yi ta yi har na fara yi mata magana da baki. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya leƙo ya ce lafiya kuwa, wa nake zagi da Yarbanci tun safe?

Bayan wannan sai daidaita kan. Ta jero maka 'yan akwatuna masu lamba, ka zura ido ka zaɓi wanda ba shi da layi a ciki, ka gaya wa kwamfuta lambarsa. Wallahi tallahi duk iri ɗaya suke. Na kalla da ido biyu, na rufe ɗaya na kalla, na fita waje na kalla, har idona ya fara ruwa. In na zaɓa da ƙyar na sa ta bugawa, sai a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, dattijo ya tsaya a iya hanci, a sake sabon lale. Kwandon sharata ya cika da rabin kawunan mahaifin Alhaji (Allah ya jiƙansa, ya yafe min).

Sai kuma yaƙi da koren nan. Na haɗa wani tsani a kwamfuta, ya taso daga baƙi ƙirin yana sauka a hankali har fari fat, ina bugawa ina rage wannan kala ina ƙara waccan. A ƙarƙashin doguwar fitilar shago sai ya yi kyau, toka sak. In fito da shi bakin ƙofa rana ta taɓa shi, sai ga miyar kuka ta dawo. In gyara shi don rana, in shiga ciki ya koma ja. Kai! Daga ƙarshe na ciccibi tebur ɗungurungum na kai bakin taga, na ce tunda da rana za a kalle shi, rana ce za ta yi alƙalanci. Takardar ma ba ta raga min ba. Damina ce, ta sha danshin Ikko ta lanƙwashe, sai da na riƙa ɗaure ta a leda.

Sannu a hankali dai na kamo bakin zaren. Ashe sai ka gaya mata gaskiyar irin takardar da ka sa, ba ka bar ta tana zaton ta wasiƙa ba ce. Sannan ka hana ta gaggawa, ta riƙa fesa tawada a tafiya kawai ban da dawowa. Aiki ya koma tafiyar hawainiya, amma ranar da na ga bangon da ke bayan dattijon ya fito sumul, hula sumul, riga sumul, toka kuma toka tsakani da Allah, sai da na tashi na taka rawa ni kaɗai a shago. Na dawo na ƙura wa fuskar ido, sai murna ta koma ciki. Layuka na nan daram a kumatu, dama da hagu, a jere, sun taso daga gefen baki sun nufi kunne.

(Na san kun riga kun gane. Ku yi haƙuri ku bar ni in ƙarasa, ni a lokacin ƙwaƙwalwata ta tafi hutu ba sallama.)

Na sake wanke kai, na sake daidaitawa, na sake bugawa. Suna nan. Har na lura ba miƙaƙƙu ba ne, sun ɗan lanƙwasa. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce lallai injin nan ya ƙware a mugunta, yanzu har shan kwana ya koya. Na ɗauko ainihin hoton na ɗaga shi a taga, na hango su dishi-dishi, na ce yawwa, ashe ba laifin firinta ba ne, tsufa ne ya karce shi, ai ga ninki ma a hula. Ni fa da nake ganin masu aska kullum, a Ketu, a Alaba Rago, a masallacin unguwarmu kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa da su. Amma mutumin da ya yi makonni yana farautar layi ba ya ganin komai a duniya sai layi, kuma duk wanda ya gani abokin gaba ne.

Akwai wata dabara a kwamfuta da ke ɗebo fata daga wani wuri ta liƙa a wani. Na gyara zama. Na riƙa ɗebowa daga goshi ina shafewa a kumatu, layi bayan layi, da haƙuri da natsuwa irin wadda ban taɓa yi wa karatun allo ba. Na buga. Dattijo ya fito kumatu luwai-luwai kamar na jaririn da ake jira. Na riƙe ƙugu na kalle shi na ce, "Baba, ko kana raye ba ka yi wannan kyan ba." Kun ji fa.

Da yamma na je zance. Rabi ta ce, "Wai ina hoton kakanmu ne? Ka kawo in gani mana, Gwaggo yayar Baba kullum sai ta yi zancensa."

Na karkata hula na ce, "Ke dai bari sai ranar. Ba a buɗe tukunya kafin ta nuna."

Ta taɓe baki ta ce, "To, mai tukunya, Allah ya sa kar ta ƙone."

Da na nuna mata, kallo ɗaya za ta yi ta cece ni. Girman kai ne ya hana, ba wani abu ba.

Allah ya kawo namiji. Mai gilashi bai gama nasa aikin ba sai da safiyar suna, don haka da hantsi na isa. An riga an raɗa suna, an kafa rumfa a ƙofar gida ta cika maƙil: 'yan goro, mahauta, direbobin tirela daga Ijora, maƙwabta Yarbawa da hulunansu a karye, ana ta rabon waina. Na ratsa su rungume da hoton a naɗe cikin takarda, na tsuguna na miƙa. Na zaci Alhaji zai shiga ciki ya duba tukuna. Ina! Tsaye ya miƙe ya ce a yi shiru.

"Ina Lasisi? Matso nan gaba, bawan Gobir. Shekara da shekaru kana tambayata aska. Yau za ka ga ubangidanka, ka durƙusa ka gaishe shi."

Kuna zaton a nan zan farga? Ko kusa. Ina can ina shirya yadda zan sunkuyar da kai in an fara yabona.

Alhaji ya yage takarda, ya ɗaga hoton sama ya juya shi wajen jama'a, shi bai ma kalla ba tukuna. Wuri ya yi tsit. Ya ga shirun ya yi yawa, ya juyo da shi ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ni kuwa na ɗauka kyan aikin ne ya ɗaure wa kowa baki, sai na ga bai kamata a bar wahalata a ɓoye ba. Na ɗaga murya yadda na baya ma za su ji, na ce:

"Baba, ba ƙaramin aiki ya ci ba. Duk kumatun nan layuka ne birjik, dama da hagu. Ɗaya bayan ɗaya na bi su na goge, ko guda ban bari ba."

Wani daga baya ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Baba Lasisi ya zaro tabarau ya maƙala, ya matso ya leƙa hoton, ya leƙa fuskar Alhaji, ya sake leƙa hoton. Sai ya saki wata dariya har hularsa ta faɗi. "Ha! Ummaru! Ashe gado ne! Uba sumul, ɗa sumul! Jama'a ku shaida, ban gaya muku bayina ne tun kaka da kakanni ba?" Rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Har masu rabon waina suka ajiye faranti.

A sannan ne abin ya faɗo min a ka. Gumi ya keto min har cikin takalmi. Na roƙi ƙasar Agege ta tsage in shige, ta ƙi.

Hayaniyar ta fito da Gwaggo daga zaure, yayar Alhaji da ta kawo hoton. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, kuma a kumatunta ga layukan nan raɗau, dama da hagu, daga gefen baki zuwa kunne, irin waɗanda na zauna na goge sak. Ta karɓi hoton ta kai shi kusa da ido.

"Wane na wanga?" in ji ta da harshensu na can. "Wanga ba Baba na ba. Ina askatai? Wa yag goge mai ita?"

Ban san yatsu suna da yawa haka a Agege ba sai ranar. Duk suka nuno ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, mi ubanmu yay yi maka?"

Da Alhaji ya zage ni, ko ya sa a fitar da ni, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Zama ya yi a kujera, ya ɗora hoton a cinya, ya yi magana a hankali kamar ba da mu yake ba.

"Ina ƙarami ya rasu. Ban riƙe muryarsa ba, ban riƙe tsayinsa ba. Abin da na riƙe kawai, ina zaune a cinyarsa ina bin zanen nan da yatsa, yana kama hannun yana dariya. Shi na so in gani babba kafin in mutu."

Dariya ta ɗauke ɗif. Wallahi shirun nan ya fi dariyar zafi, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tunda uwata ta haife ni.

Baba Lasisi ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta, ya je ya tsaya a gaban Alhaji. Muryarsa ta canza.

"Ummaru, ɗago. Na san mahaifinka, Malam Sulaimanu. Ina yaro babana yake aikena wurinsa karɓo goro. Askarsa ta fi ta kowa fita a layin nan, in ya yi dariya har motsi take yi. Bagobiri ne gaba da baya, kai ma haka. Tun ranar da na fara tsokanarka na sani."

Alhaji ya ɗago ya dube shi. "Ka sani, shi ne ka bar ni ina ta kumfar baki duk shekarun nan?"

"To in na faɗa, da me zan riƙa cin goronka?" Sai ya juyo kaina, ido jajur. "Kai kuma ka ga abin da ka jawo. Wasan da na raina tun kafin a haife ka, ka sa na yanka shi da hannuna a gaban jama'a. Tashi ka ba mutane wuri!"

Ban san lokacin da na haye okada, wato acaɓa, na koma shago ba. Allah ya taimake ni ainihin hoton na nan a aljihun tebur cikin tsummansa. Na sake ɗora shi a sikana, na gyara ninkin hula kawai, na naɗe hannuna na hana shi taɓa kumatu. Firintar nan kuwa, munafuka, ranar ko tari ba ta yi ba. Bugu ɗaya ta fito da shi, bango sumul, toka sak, zane kuma ya fito raɗau ana iya ƙirgawa daga bakin ƙofa. Na dube ta na ce, "Ai dama ke kin san naki layin, kin san nasa. Ni ne jakin."

Na tsaya a kan mai gilashi har ya sa min shi, da la'asar na koma, jama'a sun ragu. Na so in ba wani ya miƙa in gudu, aka ce Alhaji ya ce in shigo. Gwaggo ce ta fara karɓa. Ta bi zanen da farce tana ƙirgawa, ta gama dama ta koma hagu, ta taɓa nata kumatun, sannan ta ce, "Shi na." Ta juya ta shige ciki tana share ido da gefen mayafi.

Alhaji ya ɗora hoton a cinya. Ya sa yatsa a kan gilashin, daga gefen baki ya ja shi a hankali zuwa kunne, ya dawo ya kama na ƙasa. Ni ina tsugune, ƙafata ta yi tsami, ban isa in motsa ba. Can ya ce, "Ɗago kanka ka dube ni."

Na ɗago. Rana ta farko ke nan da na kalli fuskarsa ido da ido.

"Ka ga tawa babu komai ko? To ka bar min ita haka, kada gobe ka ce za ka ƙara min."

Baba Lasisi, da ke gefe yana ɓare goron da ba a ba shi ba, ya ce, "Ummaru, ba shi yarinyar nan mu huta. Wanda zai zauna ya bi layi ɗaya-ɗaya don ya faranta maka, wawa ne, amma ba rago ba ne. Kuma tunda ya raba ni da tsokanarka, dole a bar min shi a kusa in riƙa rage zafi."

Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce in gaishe da manyana in ce yana nemansu. Rabi kuwa sai da ta yi sati ba ta fito zance ba, da ta fito kuma abin da ta fara ce min shi ne, "Sannu mai tukunya." Gwaggo ta yarda da auren bisa sharaɗi guda, kada in kuskura in ɗauke ta hoto har ta koma ga Allah. Baba Lasisi ya cika alkawari, bai bar ni na sha ruwa ba har ƙarshen ransa, shi ya koya wa layin 'yan goro dafe kumatu.

Abin da na koya? Na ɓata makonni ina saita inji, ashe mai injin ne ba shi da saiti. Yanzu kowa ya kawo min hoto, ko suruki ne ko gwamna, kafin in taɓa ko ɗigo sai na tambaya, "Wannan naka ne ko na inji?" Kwanaki wata mata ta wanke ni tas don na yi mata wannan tambayar a kan ƙurjin goshinta. Na shanye, gara zagin mutum ɗaya a shago da dariyar unguwa a ƙarƙashin rumfa.

Hoton yana nan a falon Alhaji har yau. Duk sanda muka je gaisuwa da Rabi da yara sai idona ya kai kansa. Gilashin ya dushe daidai kumatu, shatin yatsa ne ya kwanta a wurin, daga gefen baki zuwa kunne. Hankici na aljihuna, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Sai in tura hannun ƙarƙashin cinya in zauna a kai.